KOKE A KAN TSARON JARRABAWA: WA ZAI JI, KUMA TA WACE HANYA?

Jawabin da aka gabatar ga ɗalibai da matasan ma'aikata na ƙasashen Dutsin-Ma da Kurfi



Ina godiya ga shugabannin ƙungiyarku da suka ga ya dace su ba ni wannan fili. Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne yadda ya kamata a bi da koke-koken da kan taso game da tsaron jarrabawa, watau idan ɗalibi ko mahaifinsa ya zo ya ce ba a yi daidai ba a ɗakin jarrabawa. Mai yiwuwa wani ya ɗauka wannan ƙaramin aikin ofis ne wanda bai kai a tara jama'a dominsa ba. To, amma mu dubi inda mu ke zaune. A nan Dutsin-Ma akwai Jami'ar Tarayya wadda aka kafa a 2011, akwai Kwalejin Ilmi mai ɗauke da sunan Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda ya riƙe Ministan Ilmi na Jihar Arewa, ga kuma makarantun sakandare a nan da Kurfi, inda yara daga Birchi da Wurma da Rawayau da Karofi da Makera kan zo su zauna jarrabawa kowace shekara. Da yawa daga cikinku da ku ke zaune a kan benci bana, nan da shekara biyu ko uku ku ne za a miƙa wa ambulan ɗin tambayoyi a ce ku tsare ɗaki. Waɗansunku kuma su ne za su zauna a teburin da takardar koke za ta sauka. Saboda haka maganar ta shafe ku gaba da baya.

AMANAR DA KE HANNUN MAI TSARO

Bari mu fara da aikin kansa. Mai tsaron jarrabawa shi ne ya kan duba fuskar ɗalibi ya gwada da hoton da ke jikin katinsa, ya tabbatar an buɗe ambulan a gaban masu zama bayan sun ga hatiminsa bai karye ba, ya raba takardu, ya dubi agogo ya ce a fara, ya sake dubawa ya ce a ajiye alƙalami. Shi ne ya kan sa kowa ya sa hannu a rajista, ya ƙirga takardun amsa su yi daidai da yawan waɗanda suka zauna, sa'an nan ya miƙa su ga babban jami'in cibiya. A cikin waɗannan sa'o'i biyu ko uku, karatun da yaro ya yi shekara shida yana yi a sakandare, da gyaɗar da ubansa ya sayar don biyan kuɗin rajista, duk suna hannun wannan mutum ɗaya. Idan ya rage minti ashirin daga lokaci, ya rage wa kowane yaro tambaya guda. Idan ya rubuta a bayan takardar wani cewa ya kama shi da satar amsa, wannan 'yar magana za ta bi yaron har Ikko ko Minna, inda waɗanda ba su taɓa ganinsa ba za su yanke masa hukunci a kan abin da ke rubuce.

Ga kuma abin da ya sa al'amarin ya ke da wuya: ba wani mai shaida a ɗakin sai su ɗaliban, waɗanda kawunansu ke sunkuye, zukatansu kuma cike da fargaba. Ikon da ya kai wannan girma, wanda kuma a ke gudanarwa a bayan ƙofa, tilas ne a samu wanda zai yi kuskure a cikinsa, a kuma samu wanda zai yi ha'inci. Haka nan tilas a samu wanda za a yi wa ƙage alhali ya riƙe amanarsa.

IRIN KOKE-KOKEN DA KAN TASO

A ganina za a iya kasa su kashi huɗu, kuma kowane kashi da irin maganinsa.

Kashi na farko shi ne na sakaci: an fara a makare ba a ƙara lokaci ba, takardun tambaya ba su isa ba har mutum biyu suka raba ɗaya, an ba yaro takardar darasin da bai yi rajistarsa ba, duhu ya rufa ana cikin rubutu, ko kuwa yaro ya zauna jarrabawa amma sakamako ya fito an ce bai zo ba, domin takardarsa ta ɓace a hanya.

Kashi na biyu shi ne na zalunci ga mutum ɗaya: an zargi ɗalibi da satar amsa don an tsinci 'yar takarda kusa da ƙafarsa, an karɓe takardarsa kafin lokaci, an ci mutuncinsa a gaban 'yan'uwansa, namiji ya laluba jikin ɗaliba da sunan bincike, ko an hana makaho ko mai wata naƙasa sauƙin da dokar jarrabawa ta ba shi.

Kashi na uku ya fi kowanne nauyi, watau haɗin baki: mai tsaro ya karɓi kuɗi ya kau da kai, ko ya tsaya yana karanto amsa, ko ya bar wani ya zauna a madadin wani. Mai kawo irin wannan koke yawanci yaron kirki ne wanda ya yi karatunsa, kuma ya san idan ya yi magana za a iya soke sakamakon cibiyar baki ɗaya har da nasa, sa'an nan ya koma gida ya zauna da waɗanda za su ce shi ya jawo musu.

Kashi na huɗu shi ne na ƙarya. Wannan ma akwai shi, kada mu ruɗi kanmu. Ɗalibin da ya shafe zango yana yawon gari, ranar da aka kama shi da rubutu a cinya sai ya ce malam ya daɗe yana ƙinsa. Duk tsarin da zai karɓi maganar ɗalibi ba bincike, ya sa wuƙa a wuyan kowane malami mai gaskiya, kuma gobe ba wanda zai yarda ya kama mai sata.

ME YA SA KOKE KAN MUTU A HANYA?

Dalili na farko shi ne yaro bai san inda zai nufa ba. An karanta masa jerin abubuwan da idan ya yi za a hukunta shi, amma ba a gaya masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan shi aka cuta ba. Idan ya yi ta maza ya je wurin shugaban makaranta, sai ya tarar da mutumin da sunan makarantarsa ke cikin maganar, wanda kuma mai tsaron abokin aikinsa ne. Wanzami kuwa ba ya son jarfa.

Dalili na biyu yana cikin tarbiyyarmu. An rene mu da kunya da girmama na gaba, kuma wannan abin alfahari ne. Amma a kan juya wannan kyakkyawar ɗabi'a ta zama takunkumi, har ya kasance yaron da ya ce malam ya yi kuskure a ɗauke shi marar kunya tun kafin a ji abin da ya ke tafe da shi. Sai a ce masa ya yi haƙuri, haka Allah ya ƙaddara. Haƙuri ado ne ga wanda aka cuta, amma bai zama hujja ga wanda aka ba riƙon hukuma ya naɗe hannu ba. Iyayenmu da suka koya mana kunya su ne dai suka ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Dalili na uku shi ne bin bayan gida. Idan ɗan wani ne aka taɓa, kafin la'asar an buga waya, an aiko babban mutum, magana ta gyaru. Ɗan manomin da ya zo daga ƙauye a kan keke ba shi da wanda zai buga masa waya. Duk inda babu hanya sananniya wadda kowa zai bi, to, hanyar da ta rage ita ce ta sanayya, ita kuwa ba ta talaka ba ce.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

Idan muka waiwaya za mu ga ƙasar nan ta daɗe tana fama da ciwon jarrabawa, amma kusan kullum da bulala ta ke tunkararsa. An kafa Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, a 1952. A 1977 tambayoyi suka ɓulla kafin lokaci har abin ya zama abin kunya ga ƙasa, Gwamnatin Tarayya ta naɗa kotun bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Sogbetun, wadda ta ga nauyin da ke kan WAEC ya yi yawa, ya kamata a rage mata. A 1978 aka kafa JAMB don shiga jami'a, a 1999 kuma aka kafa NECO mai hedkwata a Minna. Ta fuskar horo kuwa, Dokar Soja mai lamba 20 ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa. Doka mai lamba 33 ta 1999 ta sassauta wannan: wanda bai kai shekara 18 ba, tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko duka biyu, idan kuwa shugaban makaranta ne ko malami ko mai tsaron jarrabawa, ɗaurin shekara huɗu ba zaɓin tara.

Ku lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, dokar kanta ta yarda mai tsaro na iya zama mai laifi, har ta tsananta masa fiye da yaro. Na biyu, tsananin horo bai kawar da ciwon ba. A 2025 WAEC ta riƙe sakamakon ɗalibai 192,089, watau wajen kashi goma cikin ɗari na waɗanda suka zauna, bisa zargin maguɗi. A cikin wannan taro mai yawa lalle akwai masu laifi, lalle kuma akwai waɗanda tsautsayin zama a wata cibiya ne ya rutsa da su. Abin da zai raba waɗannan da waɗancan shi ne sauraro da bincike. Idan horo ya yi nauyi haka, wajibi ne hanyar kare kai ita ma ta yi ƙarfi daidai da shi.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Maghili, wanda ya zauna Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya yi ta nanata cewa tushen ɓarna shi ne mai mulki ya shige bayan labule, talakawa su kasa kai masa kuka. Malamanmu na shari'a kuma sun koyar da cewa kawo hujja yana kan mai ƙara, kuma alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ɓangare biyu. A zamanin nan, Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a a 1975, Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, shi ne shugabanta na farko, kuma tana da ofis a kowace jiha har da Katsina. Mutanen Kurfi ma suna da abin tunawa na kusa: Alhaji Ahmadu Kurfi, wanda ya riƙe sarautar Maraɗin Katsina, shi ne sakataren Hukumar Zaɓe ta Tarayya a zaɓen 1979. Wancan zaɓe ya jawo gardama mai zafi, amma da ya ke doka ta tanadi inda wanda bai gamsu ba zai kai ƙara, maganar ta tafi har Kotun Ƙoli, aka yanke ta kafin ranar miƙa mulki. Jarrabawa 'yar'uwar zaɓe ce: ɗaki ne da jami'i da takarda da sakamako. In har ɗan takara yana da kotu, ɗalibi ma ya cancanci ƙofa.

Akwai shari'a guda da ya kamata kowane shugaban ɗalibai ya san ta, ita ce ta Garba da waɗansu ɗalibai da Jami'ar Maiduguri. A Fabrairun 1983 aka yi tarzoma a jami'ar, aka yi ɓarna, hukumar jami'a ta kafa kwamitin bincike, daga baya ta kori waɗansu ɗalibai. Sai dai shugaban kwamitin shi ne Mataimakin Shugaban Jami'a, wanda shi kansa yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar, bisa dalilin cewa ba a yi wa ɗaliban sauraron adalci ba, kuma wanda abu ya shafa ba ya zama alƙali a kansa. Ko da ya ke wannan shari'a ba a kan jarrabawa aka yi ta ba, ƙa'idarta ta hau kan kowane kwamiti da ke zama a kan makomar ɗalibi. Haƙƙin sauraron adalci yana nan a sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999.

HANYAR DA TA DACE A BI

To, yaya za a yi? Ga abin da na ke ganin kowace makaranta, tun daga sakandare har jami'a, za ta iya yi ba tare da jiran wata sabuwar doka ba.

Na farko, a sanar da hanya tun kafin jarrabawa. Ranar da a ke karanta wa ɗalibai laifuffuka da horonsu, a ranar za a gaya musu sunan ofishin da ke karɓar koke, da kwana nawa a ke da shi, a kuma liƙa wannan a ƙofar ɗakin da Hausa da Turanci. Tun ran gini, ran zane.

Na biyu, a rubuta a ranar. Shari'ar koken jarrabawa kusan duk a cikin ɗakin a ke cin ta ko a faɗi, domin bayan mako biyu kowa zai tuna abin da ya yi masa daɗi ne kawai. Mai tsaro ya rubuta a allo lokacin da aka fara da lokacin da za a gama, kowa ya gani. Ya riƙe takardar rahoto wadda zai shigar da duk abin da ya faru da ƙarfe nawa ya faru. Idan an kama wani abu a hannun ɗalibi, a haɗa shi da takardarsa, shi da mai tsaro da wani jami'i na biyu su sa hannu, a ba ɗalibin fili ya rubuta nasa bayanin da hannunsa ba tare da an tsaya a kansa ana faɗa masa abin da zai rubuta ba. Sa'an nan a bar shi ya ƙarasa jarrabawarsa. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, gama idan bincike ya wanke shi akwai abin da za a duba a ba shi maki. Idan kuwa an kore shi ko an yaga takardar, an riga an hukunta shi tun ba a zauna ba.

Na uku, koke ya zama a rubuce, a kuma ba mai shi shaidar karɓa mai kwanan wata da sa hannu. Takardar ta faɗi rana da darasi da ɗaki da lambar mai zama, ta faɗi abin da ya faru bi da bi, da waɗanda suka gani, da abin da a ke roƙo. Zagi da kirari ba su da gurbi a ciki. Mahaifin da ba ya rubutun boko, a karɓi nasa da ajami, ko a rubuta masa a karanta masa ya sa hannu.

Na huɗu, wanda a ke ƙara, da wanda ya naɗa shi aikin, da duk mai dangantaka da ɗayan ɓangarorin, kada su zauna a kwamiti. Mutum uku sun isa, ɗaya daga cikinsu ya fito daga wajen makarantar ko wajen sashen, idan kuma mai koke mace ce a sa mace a ciki. A jami'a da kwaleji ya kyautu wakilin ɗalibai ya zauna ya shaida yadda aka yi.

Na biyar, a ji kowa. A ba mai tsaro kofen abin da aka faɗa a kansa, a ba shi lokaci ya amsa, kada ya fara jin labarin a bakin 'yan kasuwa. Kada a dakatar da haƙƙinsa ko a ɓata masa suna kafin a gama. A dubi rajista da tsarin zama da rahoton ranar, a kira waɗanda suka zauna kusa, kowa shi kaɗai. Idan an ce an rage lokaci, a duba takardun ɗakin: in yawancinsu sun yanke a wuri ɗaya alhali na ɗakin da ke maƙwabtaka sun kai ƙarshe, takardun da kansu sun ba da shaida. Wanda kuma ya tona haɗin baki, a ɓoye sunansa iyakar iyawa, kada gaskiyarsa ta zame masa abin da-na-sani.

Na shida, a sa wa'adi. Koken da aka amsa bayan an rufe ɗaukar ɗalibai a jami'a, ko an ce yaro ya yi gaskiya, ya riga ya yi asarar shekara. Mako biyu ya ishi makaranta ta gama abin da ke hannunta, ta tura wa hukumar jarrabawa abin da ya fi ƙarfinta.

Na bakwai, magani ya yi daidai da ciwo, a kuma faɗi dalili. Idan lokaci aka rage, a sake zama. Idan takarda ta ɓace bayan rajista ta nuna yaro ya sa hannu, laifin na hukuma ne, ita za ta ɗauki nauyinsa. Idan cin mutunci ne, a ba da haƙuri a fili, a tsawata wa wanda ya yi. Idan haɗin baki ne, a miƙa wa doka. Idan kuwa koken ƙarya ne da gangan, mai shi ya fuskanci horo, amma a bambanta maƙaryaci da wanda hujjarsa ce kawai ba ta isa ba. Kowane hukunci a ba da shi a rubuce, da dalilinsa, da sunan inda za a ɗaukaka ƙara.

DARASI DAGA SHEKARAR 2025

Kada wani ya ce hukuma ba ta amsa kuskure. A watan Mayu na 2025, bayan sakamakon JAMB ya fito iyaye da ɗalibai suka yi ta kuka cewa makin bai yi kama da ƙoƙarin yaransu ba, hukumar ta gayyaci masana suka bincika. Ranar 14 ga Mayu magatakardanta na lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban jama'a ya ce an sami tangarɗar na'ura a cibiyoyi 157 a Ikko da jihohin Kudu maso Gabas, wadda ta shafi ɗalibai 379,997, aka kuma shirya musu sabon zama. A ranar 28 ga wannan wata takardar Turanci ta WAEC ta makara ƙwarai a wurare da dama, har yara suka yi rubutu cikin dare da hasken tocila, hukumar ta ba da haƙuri ta ce ƙoƙarin hana ɓullar tambayoyi ne ya jawo. A watan Agusta kuma, kwanaki kaɗan bayan fitar da sakamako, ta gano kuskure a wajen maki, yawan waɗanda suka ci darasi biyar har da Turanci da Lissafi ya tashi daga kashi 38.32 zuwa 62.96 cikin ɗari.

Waɗannan kurakurai sun cuci yara, ba shakka. Amma an gyara su ne domin masu kuka suna da yawa, muryarsu ta kai jaridu da Majalisa. Tambayar da na ke so ku tafi da ita ita ce: yarinya ɗaya tilo a wani ɗaki a ƙasar Kurfi, wadda aka karɓe wa takarda saura rabin sa'a, wa zai ji nata? Tsarin da ba ya motsi sai mutum dubu ɗari uku sun yi kururuwa bai gama ginuwa ba.

Akwai kuma halin da yankinmu ya shiga, wanda masu tsara doka a birni kan manta. Rashin tsaro ya sha hana yara da malamai bin hanya a kan lokaci. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Hukumomin jarrabawa sun koma karɓar koke ta intanet, wannan ci gaba ne. Amma duk hanyar da ta dogara ga waya kaɗai, ranar da waya ta ɗauke ta rufe. Don haka ya wajaba a bar hanyar takarda a buɗe a ofishin ilmi na yanki, a kuma yi sassauci a kan wa'adi ga wanda hanya ta tsare.

KIRA

Ga ƙungiyar ɗalibai, aikinku a nan ya fi ɗaga kwalaye. Ku nemi littafin dokokin jarrabawa na makarantarku ku karanta shi, ku fassara wa sababbin shiga. Ku naɗa mutum biyu, mace da namiji, waɗanda za su taimaki mai koke ya tsara takardarsa, su raka shi gaban kwamiti. Amma ku tace kafin ku ɗauka. Ranar da kuka tsaya wa wanda kowa ya san ɓarawon amsa ne, kun sayar da mutuncin da za ku tsaya wa mai gaskiya da shi gobe.

Ga matasan ma'aikata, takardar da ta sauka a teburinku rayuwar wani ce. Ku buga mata kwanan wata, ku shigar da ita a littafi, ku tura ta gaba a ranar. Kada ku tambayi ɗan wane ne kafin ku buɗe ta. Fayil ɗin da ya kwana wata uku a cikin durowa, wanda ya ajiye shi ya yanke hukunci ko da bai rubuta kome ba.

Ga waɗanda za su tsare ɗaki nan gaba, kowa ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski. Ku zo da wuri, ku zo da agogo, ku rubuta kome. Wannan rubutu shi ne garkuwarku ranar da aka yi muku ƙage, shi ne kuma zai ceci yaron da kuka yi wa kuskure ba da nufi ba. Mai tsaron da ya riƙe gaskiya ba shi da abin tsoro a wurin bincike, shi ne ma ya fi kowa amfana da shi.

Daga ƙarshe, mu tuna takardar shaidar da mu ke wahala dominta ba ta da wata daraja sai yardar da jama'a suka yi cewa an same ta ta hanyar gaskiya. Malamin da zai koyar da 'ya'yanmu, da ma'aikaciyar jinyar da za ta duba iyayenmu a asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, duk ta wannan ɗaki suka biyo. Kowane koke da aka saurara aka warware bisa adalci yana ƙara wa takardar nauyi, kowane wanda aka danne kuma yana rage mata.

Malam Shugaba, a nan zan dakata don in bar fili ga masu tambaya da masu gyara. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ba ɗalibanmu sa'a.